Zaman Kurame a Tianhe

Kalmar da na fara koya a birnin Guangzhou na ƙasar Caina ita ce meyo, wato babu. Ka shiga kanti neman abu, meyo. Ka je neman ɗakin haya, mai gida ya kalle ka daga sama har ƙasa ya ce meyo, alhali ga allon haya nan rataye a ƙofarsa. Ka tsayar da tasi, direba ya rage gudu har ya ga fuskarka, sai ya kaɗa hannu ya ƙara mai. A jirgin ƙarƙashin ƙasa kuwa, komai cunkoso, kujerar da ke kusa da tawa ba ta samun mai zama. Wata tsohuwa ta taɓa dangwalar hannuna da yatsa, ta duba ko baƙin zai bi ta. Duk na shanye, ina ganin iyakar wulaƙancin ke nan. Ashe wanda ya ce maka meyo a kan idonka mutumin kirki ne.

Sunana Sabi'u, ɗan Malam Ado tela na Fagge. Digiri na biyu ne ya kai ni, a fannin harshe da sadarwa, a wata jami'a da ke unguwar Tianhe, cikin shekarun nan da in za ka kira gida sai ka sayi kati ka kankare. Burina ɗaya ne, kuma duk wanda ya san ni ya san shi: in samu gurbin digiri na uku. In ban samu ba, ranar da karatu ya ƙare ranar izinin zamana zai ƙare, in koma Kano in shiga layin masu yawo da takardu ofis-ofis.

Wanda ya riƙe ni a garin shi ne Alhaji Tasi'u, ɗan kasuwar Kwari, abokin Baba tun suna samari. Yana zuwa sarin kaya lokaci-lokaci, ni kuma in bar aji in bi shi kasuwannin Shisanhang da Baima ina yi masa tafinta, muna kutsawa tsakanin masu turin kaya da buhunan riguna. Shi ba ya jin komai sai meyo, da lawban wato maigida, da sheshe wato na gode, amma in ya danna wa ɗan Caina na'urar lissafi a fuska sai ka rantse tare suka tashi. Shi yake kawo mini kuka da daddawa da yaji daga wurin Inna, shi yake kawo mini labarin gida.

A shekarata ta biyu baƙi suka sauka a sashenmu, wata ƙungiya ta malamai da ɗalibai daga Finland da Japan. Jami'o'insu suna musayar ɗalibai, suna kuma wani aiki tare a kan yadda mutanensu ke zaman hira. Sun zaɓi Guangzhou ne don kada wani ya zama mai gida wani baƙo. Shugaban Japanawan shi ne Farfesa Ishida, dattijo ɗan firit mai furfura, wanda in ya gaishe ka sai ka ji kunyar kanka saboda rusunawa. Ta ɓangaren Finland kuwa Dakta Kaisa ce, doguwar mace mai ido kamar na mage, ba murmushi ba ɗaure fuska. Suka ce suna son ɗalibi ɗaya baƙo ya riƙa zama da su, shugaban sashenmu ya tura ni. Murna kamar an biya mini Makka.

Ɗakin zaman yana hawa na sama. An kwashe kujeru an shimfiɗa tabarmi, kowa ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, har na ji kamar na shiga zauren gida. A kusurwa ga kyamara a kan ƙafafunta. Dakta Kaisa ta ce za a riƙa ɗaukar zaman, ko na yarda, na ce na yarda mana. Na tambayi aikina, ta ce in zauna kawai, in yi yadda na saba yi in na zauna da mutane.

Aka zuba shayi. Kowa ya ɗauki kofinsa. Shi ke nan fa.

Wallahi na ɗauka wani ake jira. Na kalli ƙofa, na kalli agogo, na kalli fuskokinsu. Ba wanda ya damu. Wannan yana kallon tururin shayi, wannan tana kallon taga, kamar an tara kurame. A garinmu in mutane suka zauna aka yi tsit, to ko mutuwa aka yi ko faɗa. Na ce ko ni ne ba sa so. Sai na yi abin da aka koya mini tun ina yaro, na bi su ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa: ya kwana, ya gajiya, ya baƙunta, ya aka baro mutan gida. 'Yan matan Japan suna rufe baki da hannu suna gyaɗa kai. Wani saurayi ɗan Finland da na tambaya ya iyali, sai ya tsaya yana tunani kamar na ba shi jarrabawa, can ya ce iyayensa sun rabu bara, ya koma kan shayinsa. Na rasa inda zan sa kaina, sai na shiga ba su labarin Kano.

Haka muka yi ta yi wata da watanni. Su yi shiru, ni in yi ta zuba har maƙogwarona ya bushe, ina ganin ina cetonsu daga kunya. Su kuwa a tsakaninsu abin ya yi daɗi ƙwarai. Za su fito daga zaman da ba a yi magana goma ba, fuska wasai kamar sun dawo daga walima. Sun gano dukkansu suna tuɓe takalmi a gida, dukkansu suna son wankan ruwan zafi a taro, dukkansu ba sa son a matso musu kusa. 'Yan Finland suka kawo wata baƙar alewa mai ɗanɗanon kanwa, Japanawa suka tsotsa don ladabi idonsu na kawo ruwa. Japanawa suka koya musu naɗe takarda ta zama tsuntsu. Ranar da suka tafi gidan wanka sun gayyace ni, da na ji tsirara ake shiga na ce a kai kasuwa. Duk da haka ina jin ni ma ɗan gida ne.

A wata liyafar cin abinci Farfesa ya miƙe ya ce idan an gama aikin za su tafi da ɗalibi ɗaya daga jami'armu ya yi digiri na uku a wurinsu, rabi a Finland rabi a Japan, komai a wuyansu. Wa ya fi ni kusa da su? Wa yake zama da su a tabarma ɗaya?

To amma ba a tarar babba a ce masa ba ni. Ba haka aka raine mu ba. Dakta Kaisa kuwa ban ma yi tunaninta ba, tunda ga dattijo a sama da ita, kuma in gaskiya zan faɗa idonta tsoro yake ba ni. Na jira Alhaji ya zo da kilishi da hula ɗinkin hannu, na ɗauka na kai wa Farfesa ofis. Bayan gaisuwa na ce, ranka ya daɗe, ni fa ban taɓa ganin ƙanƙara tana zuba daga sama ba, an ce a Finland har gwiwa take kaiwa, in Allah ya yi ina son in ganta a ƙarƙashin babba irinka.

Ya karkata kai gefe, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya daɗe yana kallon hular.

"Abu ne mai ɗan wuya," in ji shi. "Amma za mu yi tunani a kai sosai."

Ba a yi mako ba ya kira ni ya miƙa mini wani ɗan akwati da hannu biyu, an naɗe shi da takardar da har tausayin yagawa na ji. Kofin shayi ne a ciki, mai kyan gaske. Na kai wa Alhaji masaukinsa, ya juya kofin a hannu ya yi dariya. Ya ce ai magana ta ƙare, manya ba sa buɗe baki su ce na ba ka, tunda ya karɓi nawa ya maido da nasa to ya ɗauke ni ɗa, saura biyayya. Ranar na kankare kati na kira gida. Baba ya sa na maimaita masa sunan ƙasashen har ya iya faɗa, ina jin ƙarar keken ɗinkinsa ta tsaya.

Zuwan Alhaji na gaba ya same ni da wata fuska. Muna cikin Baima, ya ja ni gefen matakala ya ce jikin Malam Ado ba daɗi, ƙafafu sun kumbura, likita ya ce ƙoda ce, kuma shi bai ji daɗin yadda ya baro shi ba. Ya ce in shirya mu koma tare, kujerar jirgi a wuyansa, in ga mahaifina in dawo. Na san in na tafi dawowar ba lallai ba ce, don a lokacin sabunta izinin shiga ga ɗan Najeriya sai wanda Allah ya taimaka. Zaman da suka rage kuma su ne na ƙarshe.

Na sake komawa wurin Farfesa. Na gaya masa rashin lafiyar, na ce ban sani ba ko tafiyata za ta taɓa maganar nan tamu. Ya tashi tsaye ya rusuna, ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, iyaye su ne gaba da komai. Sai ya sake jan iskar nan ta haƙora, ya ce sai dai zaman da suka rage su ne mafi muhimmanci, in ba ni a ciki za a ga giɓi babba, maganar gurbi kuma sai ranar rufewa za a sanar. Me mutum zai fahimta a nan, don Allah?

Na kira Baba. Muryarsa ta yi ƙasa amma faɗan yana nan.

"Ka zo ka yi mini me? Kai likita ne? Zauna ka karɓo abin da ka je nema."

Alhaji ya koma shi kaɗai, ni na zauna.

Wata ranar zama, ana shirin azahar, aka ce ana kirana a wayar ɗakin kwanan ɗalibai. Alhaji ne daga Kano. Bai yi doguwar gaisuwa ba, nan na gane.

"Sai haƙuri, Malam Sabi'u. Jiya da la'asar. Da ni aka kai shi."

Ban san yadda na yi sallah ba. Ban san yadda na hau hawa na sama ba. Abin da na sani shi ne na ce wa kaina in ban je zaman yau ba, to don me na ƙi tafiya? Na tuɓe takalmi, na zauna a wurina, aka zuba mini shayi. Ban gaishe da kowa ba. Na kafa ido a kan saƙar tabarmar, ina ganin makara, ina ganin layin mutanen Fagge, ina neman kaina a cikin layin ban gani ba. Hawaye ma ya ƙi zuwa.

Ina jira ne wani ya ce, Sabi'u lafiya? Mutumin da ya cika muku kunne wata da watanni yau ya zo ya yi gum, ai ko maƙiyinsa ya tambaya. Mai makoki ba ya bin mutane yana shelar rashin da ya yi, zuwa ake yi a same shi. Na jira har shayin ya huce, har aka kashe kyamara. Ba wanda ya tambaya. Da muka fito, Dakta Kaisa ta miƙo mini hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce zaman yau ya fi kowanne kyau. Farfesa ya rusuna fiye da kullum, ya ce yau na zama ɗaya daga cikinsu. Na sa takalmina na sauka.

Wanda ya tambaye ni a ranar shi ne mai taliyar da ke bayan jami'a, wani Musulmi ɗan arewacin Caina mai farar hula. Ya ajiye mini kwano, ya ga ban taɓa ba, ya dawo ya tsaya a kaina yana tambaya da hannu. Na ce masa baba, na nuna sama. Ya cire ƙyallen da ke kafaɗarsa, ya zauna kusa da ni ya ɗaga hannu muka yi fatiha. A nan ne kukan ya zo, a gaban mutane, ban ji kunya ba. Da Juma'a 'yan kasuwar Kano da na Damagaram suka taru bayan masallaci suka yi wa Baba addu'a, har waɗanda ban taɓa gani ba.

Ranar rufewa aka cika babban zaure. Na sa farar shaddata, na zauna a layin gaba, na ce yau dai abin da Baba ya ce in karɓo zan karɓa. Aka kashe fitilu aka haska bango. Sai ga ni, ƙato, baki buɗe, ina bin mutane da ya gajiya ya mutan gida, hannuwa suna tashi sama. An yanko wuraren da na fi zuba an jera su. Zaure ya kwashe da dariya, har da shugaban sashenmu. Farfesa yana bayani a hankali, wai ga yadda baƙo daga al'adar surutu yake jin tsoron shiru. A lokacin ne na gane kyamarar nan ba shirunsu take ɗauka ba. Shirunsu sun san shi tun a gida. Ni aka saka a tsakiya a ga yadda zan yi.

Sai hoton ya canza. Ga ni a ranar, kai a sunkuye, kofi a gabana ban taɓa ba. Aka bar shi yana tafiya, zaure ya yi tsit. Farfesa ya ce a dubi wannan fuska, a dubi natsuwar da ke cikinta, wannan shi ne amfanin zama tare, mutanen Finland da na Japan sun koya wa baƙonsu hutawa a cikin shiru. Aka ɗauki tafi. Aka ce in miƙe a gan ni, na miƙe, kamar rago a kasuwa. Daga nan aka kira sunan wadda aka ba gurbin, wata yarinya 'yar Caina mai rubuta abin da ke cikin kaset-kaset ɗin da kyamarar ta ɗauka, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa zama a tabarmar ba.

Kunyar da na yi ta riƙo da ita duk ta zube a wurin. Na samu Dakta Kaisa a bakin teburin shayi, ban gaishe ta ba.

"Dakta, da ma sunana yana cikin waɗanda ake dubawa?"

"A'a. Ba a taɓa sa shi ba. Wanda ake nazari a kansa ba ya shiga cikin masu nazarin."

"Kin san ina nema?"

"Na sani. Ba ka tambaye ni ba."

Ko ƙifta ido ba ta yi ba. Ta ce a wurin Farfesa ai ya ba ni amsa tun ranar da na kai masa hula, duk Bajapanen da ya ji an ce abu yana da ɗan wuya ya san an ce masa a'a, kofin kuma ya ba ni ne don kada nauyin kyautata ya zauna a kansa. Ɗalibansa duk sun san an hana ni, sun ɗauka ni ma na sani. Ita kuma a ƙasarsu ba a shiga maganar da mutum bai kawo maka ba. Ta ƙara da cewa, tunda ita ba ta iya ɓoye gaskiya ba, sun tattauna sun ga in aka fito aka gaya mini zan iya canza hali ko in daina zuwa, aikin ya lalace.

Na ce mata fuskar da aka tafa wa ɗazu, ranar ce aka gaya mini an binne mahaifina, wanda na ƙi zuwa in gani saboda gurbin nan.

Ta yi ja har kunnuwa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, ni kuma wannan karon ban taimake ta ba. Can ta ce ta yi baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske take. Sai ta kalli bangon da aka haska hoton, ta ce wannan zaman shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Ta tambaye ni ko ina so ta gaya wa Farfesa, ko na fi son abin ya zauna a matsayin sirrina.

Na tsani mutanen nan a ranar, tsana irin wadda ban san ina da ita ba. Ba wanda ya zage ni a cikinsu, ba wanda ya yi mini ƙarya, ba wanda zan kama in ce kai ne. Na bar ta tsaye da kofinta na fita. Har suka bar garin ban sake hawa saman nan ba, kuma ban san abin da suka yi da hoton ba.

Karatu ya ƙare, izini ya ƙare, na biyo Alhaji muka sauka Kano ana tsakiyar zafin bazara. Na je maƙabarta, ƙanena ya nuna mini wurin. Da na dawo gida Inna ta kira ni ɗakinta. Ta ce har ranar da ya daina magana, duk wanda ya zo dubiya sai Malam ya gaya masa Sabi'u zai tafi Finland da Japan, kuma shi ya hana a kira ni da jikin ya tsananta, wai kada a ɗaga mini hankali mutanen nan suna ji da ni. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin gado. Kwat ce doguwa, baƙa, an cusa mata auduga tsakanin yadi biyu, ɗinki layi-layi irin nasa. Inna ta ce Baba ya tambayi Alhaji yadda sanyin can yake, ya riƙa sa a ɗora shi a kan keke yana yi kaɗan-kaɗan.

"Gwada mu gani," in ji Inna. "Yaushe ne tafiyar?"

Na miƙe na saka, gumi yana bin bayana. Kafaɗa ta zauna daidai, tsawo daidai. Bakin hannun hagu ne kawai bai kai ga kalmashewa ba, audugar tana leƙowa.